Inda Ake Kai Yawuna

Litinin, 8 ga Afrilu 1963, da hantsi

Tunda baki ya ƙi, bari hannu ya yi. Ni Saude, wadda a Fagge ake cewa ko kurma na samu sai na sa shi ya amsa, yau ga ni ba na iya haɗa kalma biyar ban nemi gwangwani ba. In na buɗe baki zan gaida mutum, kafin in kai ƙarshen "ina kwana" yawu ya cika min kunci. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafin da na yi aji huɗu da shi, na fere fensir da wuƙar albasa. Ashe karatun da kakata Inno ta ce ba zai tsinana min komai a gidan miji ba yana da ranarsa.

Cikin ya shiga wata na bakwai. Yawun ya fara tun yana ƙarami, aka ce in ya yi ƙwari zai tsaya, bai tsaya ba. Fari ne mai yauƙi kamar ruwan kuɓewa, ga ɗanɗanon ƙarfe kamar na kwana da kwabo a baki. In na haɗiye sai amai. Ina da babban gwangwanin madara da ake zuba wa yashi rabi, a ciki nake tofawa. Da shi nake kwana, da shi nake tashi, ko salla zan yi yana gefen tabarma.

Malam, mijina, ya bi mota zuwa Baga sarin bandar kifi, sai jajiberin Babbar Sallah zai dawo. Gidan ya rage daga ni sai Ya Gumsu, tsohuwar da muke haya a gidanta a nan Yerwa, sai Kaltum mai kitso a ɗakin bakin ƙofa.

Ba na ƙorafi da yawun nan, a san da wannan. Bara waccan ma haka na yi ta tofarwa har wata bakwai, ran nan na wayi gari baki a bushe, na yi ta murna, har na aika aka sayo min tsire. Sauran ba zan rubuta ba. Na dai yi wankan jego, ban yi goyo ba.

Yau ɗan cikin ya motsa, gwangwani ya cika.

Talata, 9 ga Afrilu, bayan azahar

Zafin garin nan ba irin na Kano ba ne. Ko inuwar dogon yaron tsakar gida ka zauna sai ka ji kamar a bakin murhu kake.

Kullum da safe Ya Gumsu take zuwa ta tsaya a bakin labule ta ce, "Feronyi, kawo." Wai 'yata ke nan da yarensu na Barbarci. Sai ta juye jiƙaƙƙen yashin a ƙoƙo, ta rufe da gefen laffayarta, ta zuba min sabo daga wanda ake ɗebo mata a busasshen kogi. Ta ce ba a barin yawun mai ciki inda za a tsallaka shi. Mu ma a gida haka ake faɗa, don haka ban taɓa tambayar inda take kai shi ba.

Yau da ta karɓa sai ta kama leɓena na ƙasa ta ja, kamar mai duba ragon layya.

Ta ce, "Wannan haƙorin na ƙasa ya fara rawa."

Na tofar na ce, "Ya, asuwaki ne ya ji min ciwo."

"Ba asuwaki ba ne. Ɗa ne. Kowane ɗa da haƙorinsa." Ta wage min nata bakin, 'yan haƙoran da suka rage mata jajur da fure da goro. "Tara na haifa. Duba giɓin."

Ni kuwa da ba na barin ta kwana, na ce, "Ai wancan karon ban rasa ko ɗaya ba."

Ta dube ni har na ji kunya, ta ɗauki ƙoƙonta ta tafi. Ban tambaye ta ina taran suke ba. Shekara uku muna gidan nan, ban taɓa ganin wanda ya yi sallama ya kira ta uwa ba.

Ya motsa, gwangwani ya cika.

Alhamis, 11 ga Afrilu, da asuba

Asuwaki ya fito jajur. Dasashina ya kumbura, kuma wani tsiro kamar ƙwayar wake ya fito tsakanin haƙoran ƙasa, in na taɓa shi da harshe sai jini. Ya motsa.

Juma'a, 12 ga Afrilu, bayan la'asar

Kaltum ta yi min kitso. Ita ke magana, ni ina tofarwa, abin da ya yi mata daɗi ke nan, don da ba ta samun fili a gabana. Tana cikin tsaga sai ta rage murya.

"Saude, kin san inda tsohuwar nan take kai yawunki?"

Na girgiza kai, ta danne min shi da gwiwa.

"Ba masai take kaiwa ba, ba bayan gari ba. Bayan ɗakinta take shiga da shi, wajen lallen nan nata da ba ta barin kowa ya tsinka. Na sha jin ta tana ƙus-ƙus a wurin. Yawun mutum fa mutum ne. Da shi ake tofi a warke, da shi kuma ake ɗaure mutum."

Na ce, "Kaltum, ki ji tsoron Allah."

"Ina ji. Wancan karon wa yake kwashe miki? Wa kuma ya karɓi haihuwar? Ni dai ban ce komai ba, amma ruwa ba ya tsami banza."

Wai ba ta ce komai ba, amma ta bar ni da kan da ya fi kitson ciwo. Gaskiya ne Ya Gumsu ce ta karɓa. Ni ban ga komai ba, zazzaɓi ya ɗauke ni, da na farfaɗo an riga an share ɗaki an yi turare. Babu wanda ya ce min komai, ni ma ban tambaya ba.

Ya motsa. Na riƙe gwangwanin a cinya har magariba kamar wani zai ƙwace.

Litinin, 15 ga Afrilu, da azahar

Mun je awo ni da Kaltum, dama Malam ya bar izini. Mun samu Sista Pindar, wata 'yar Biu mai faɗin fuska, wadda ke Hausa a hankali kamar tana auna kowace kalma. Da ta ga gwangwanina sai ta yi dariya, ta ce ni ce ta uku yau.

Ta haska bakina ta duba. Ta ce ciki yana sa dasashi ya yi laushi ya kumbura, shi ya sa jini, tsiron ma in na haihu zai motse da kansa. Ta ce in daina gurzar asuwaki kamar ina wankin tukunya, in tauna shi ya yi laushi sosai tukuna, in riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, musamman bayan amai, don tsamin amai yana cin haƙori. In sha nono, in riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, don abin da nake tofarwa daga jikina yake fita.

Na ce, "Sista, gaskiya ne kowane ɗa da haƙorinsa?"

Ta ce, "Ɗa ba ya cin haƙori, Saude. Ni uku na haifa, ga nawa cif."

Na tofar, na yi ƙarfin hali na ce, "In yawun ya tsaya fa?"

Ta daina rubutu ta dube ni. Ina jin ta gane. Ta kwantar da ni ta ɗora wani ƙaho a cikina ta kara kunne, ta ce yana bugawa lafiya lau, kuma yawu daban, ran yaro daban, babu abin da ya haɗa su. Ta ba ni ruwan magani a kwalba, ta ce cokali ɗaya safe da yamma in yawun ya hana ni barci, zai rage shi.

Na kawo kwalbar na tura ƙarƙashin gado. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Laraba, 17 ga Afrilu, da hantsi

Na bi Ya Gumsu. Allah ya yafe min leƙe, amma na bi ta.

Akwai wani lungu tsakanin ɗakinta da katanga. Lallen yana can, kore shar, alhali komai na garin nan ya ƙone. Ya Gumsu ta durƙusa a gindinsa ta juye yashina, tana baje shi da tafin hannu a hankali, tana shafawa. Tana magana da Barbarci ƙasa-ƙasa. Ba na jin yaren sai gaisuwa, amma na san muryar. Irin wadda ake yi wa wanda ake ba kunu da cokali ce.

Da ta gama ta zauna shiru, kanta a karkace kamar mai jiran amsa. Sai ta gyaɗa kai.

Na dawo ɗaki. Ina tsoro, kuma raina ya ɓaci. Ni za a mayar saniyar tatsa ina zaune?

Alhamis, 18 ga Afrilu, da safe

Ta zo ta ce, "Feronyi, kawo."

Na ce, "Na zubar a masai, Ya. Daga yau ni zan riƙa zubarwa, kin huta."

Ta tsaya riƙe da ƙoƙo. Na zaci za ta yi faɗa, na ma shirya mata, amma sai ta ce, "Zai ji ƙishi."

Na dafa cikina na ce, "Ina shan ruwa."

Ba cikina take kallo ba. Ta juya ta tafi.

Na jawo kwalbar Sista na sha. Ta ce cokali ɗaya, na sha biyu. In babu yawu ai sai in ga abin da za a kwasa. Sista ta yi karatu, ta ce babu abin da ya haɗa su, na kuma yarda da ita.

Ya motsa.

Juma'a, 19 ga Afrilu, bayan magariba

Bakina ya dawo! Na wuni ina zuba, Kaltum har ta ce a mayar da ni kan gwangwani. Na ba ta labarin bikin ƙanwata tun daga kamu har buɗar kai ban tsaya ba ko sau ɗaya. Na yi ciniki da mai itace har ya ce Kanawa ba su da dama. Na ci tuwo da miyar kuka na ji ɗanɗanonsa, ba ƙarfe ba.

Da yamma mai tsire ya wuce ta ƙofar gida, Kaltum ta ce ko a sayo min. Sai na tuna tsiren wancan karon. Na ce a'a.

Ya motsa da rana. Gwangwani ko rabi bai jiƙe ba.

Lahadi, 21 ga Afrilu, da asuba

Jiya da yamma mai garuwa ya cika min randa har baki, ni na rufe ta da faifai. Yanzu na saka moɗa sai da hannuna ya shiga har gwiwa. Na duba ƙasanta, babu yoyo. Zafi ne, randa tana shan rabonta.

Litinin, 22 ga Afrilu, da hantsi

Ɗan abin da na tofa jiya na bar shi a gwangwani, na manta ban zubar ba. Da safe yashin ya bushe ƙamas, kuma akwai wasu 'yan ramuka a samansa, ƙanana, a jere, kamar an danna da ɗan yatsa. Ƙadangarun gidan nan ba su da kunya, har kan gado suke hawa.

Rigata kuma ta jiƙe a ƙirji, gefen hagu kaɗai, kan nonon yana min zafi. Kaltum ta ce haka yake yi in ciki ya tsufa. Ban gaya mata wane irin zafi ba ne, don ni ma ban taɓa shayarwa ba balle in ce na sani.

Ya motsa sau ɗaya, da ƙyar, kamar mai juyi cikin barci.

Talata, 23 ga Afrilu, da la'asar

Ban lura ba yau. Wataƙila lokacin ina barci ne.

Laraba, 24 ga Afrilu, da azahar

Zafi.

Alhamis, 25 ga Afrilu, da hantsi

Na daina shan maganin tun ranar Talata. Na jira yawun ya dawo, bai dawo ba. Harshena ya zama kamar tsohuwar fata, leɓena ya tsattsage, in na yi magana yana mannewa. Ni da kaina ina jin warin bakina. Ina yin ruwan gishirin Sista, ina sha daga randa har cikina ya yi ƙulu-ƙulu, amma kamar a yashi nake zubawa. Haƙorin yanzu gaba da baya yake yi in na hura iska.

Randar ma kullum sai ta yi ƙasa. Na sa mai garuwa ya duba, ya ƙwanƙwasa ya ce lafiyarta ƙalau.

Ina ɗaukar gwangwani in zagaya tsakar gida da shi, in kai baki kamar ina tofawa. Ban san wa nake yi wa ba.

Asabar, 27 ga Afrilu, bayan la'asar

Kaltum ta lallaɓa lungu za ta saci lallen Sallah, ta dawo hannu wofi. Ta ce ganyen ya yi rawaya yana zuba, ƙasar gindinsa ta dare.

Ta ce, "Kin gani ko? Asirin ya karye."

Tun da na hana ta gwangwanin, Ya Gumsu ba ta sake zuwa bakin labulena ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta daina cin goro, ta daina turare. Ƙoƙon yana cinyarta. Na daɗe ina kallonta ta ramin labule kafin in gane abin da take yi. Tattara bakinta take yi tana tofawa a ciki. Tsohuwa, bakin da babu komai, sai ta yi ta fama kafin ɗigo ɗaya ya sauka.

Na fito zan ɗebi ruwa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Nawa ba ya karɓa."

Litinin, 29 ga Afrilu, da azahar

Na koma wurin Sista Pindar, ban jira ranar awo ba. Na gaya mata cokali biyu na sha, ta yi min faɗa, ta ce maganin da zafin gari su suka busar da ni, zai sake ni. Sannan na gaya mata ɗaya maganar, ta motsin da na daina ji. Ban san yadda na faɗe ta ba.

Ta kwantar da ni ta kara ƙahon. Ta daɗe. Ta matsar da shi, ta sake matsarwa. Ni ina kallon rufi ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Ta ce, "Akwai bugu."

Na fashe da kuka, amma ko hawayen kaɗan ne suka fito. Ita kuwa ba ta ɗago ba, ta kai ƙahon ɗaya gefen, ta yamutsa fuska, ta lalluba cikin da hannu biyu.

Na ce, "Sista, mene ne?"

"Ba komai. Na ji kamar biyu ne, ɗaya can nesa. Amma kai ɗaya nake taɓawa. Naki ne nake ji tare da nasa, yana faruwa." Ta ce bugun ya yi sanyi fiye da yadda take so. In sha ruwa, in kwanta ta gefen hagu, in dawo ranar Alhamis, in kuma na ga jini ko na ji ciwo kada in jira kowa.

A hanya Kaltum ta yi ta surutu. Ni ina ta jin nawa bugun a wuya, kuma ba daga nesa yake ba.

Talata, 30 ga Afrilu, da hantsi

Na je na durƙusa a gaban Ya Gumsu. Na gaida ta, ta amsa. Tambayar tana nan tun bara waccan, yau ta fito.

Na ce, "Ya, ina kuka sa shi?"

Ta nuna lungun da haɓa.

"Namiji ne. Yana da gashi irin naki. Bakinsa a buɗe ya zo, feronyi, na rufe ya sake buɗewa. Bai sha komai ba a duniya, ko ɗigon ruwa. Malamin unguwa ya naɗe shi, mijinki Nuraddeen ya haƙa, ni na dasa lallen don kada a taka."

Na ce, "Yawun fa?"

"Wancan karon binnewa kawai nake yi, kamar na kowa. Wannan karon shi nake ba. Wanda bai sha ba ba ya kwanciya. In ya ji uwarsa ta ɗauki wani, sai ya zo neman ruwa, ruwan da ya sani kuwa ɗaya ne, wanda ya kwanta a ciki. Sai ya shanye wa ɗan'uwansa. In ana ba shi na bakin uwa kullum, yana haƙura."

Na ce, "Astagfirullah. Wane malami ya gaya miki wannan?"

"Babu malami. Tara ne suka koya min, ɗaya bayan ɗaya. Da na gane, jinina ya riga ya ɗauke."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Mijinki ya haɗa ni da Allah kada in nuna miki wurin, wai za ki zauce. Ke kuma ba ki taɓa tambaya ba."

Na san wannan ba ya cikin addini. Na san wanda ya tafi ya tafi, ba ya ci ba ya sha. Na san abin da Sista za ta ce. Duk na sani. Amma yana da gashi irin nawa, kuma shekara biyu yana bayan katangar da nake jingina in ci abinci.

Laraba, 1 ga Mayu, da safe

Na shiga lungun. Wurin bai fi tsawon hannuna ba. Na durƙusa da ƙyar saboda ciki, na tattara baki, babu komai. Na tsotsi tsamiya har haƙorana suka mutu. Na lashi lemun tsami, ya shiga tsagar leɓena kamar wuta. Na tuna ɗanwaken Inno da yaji da man gyaɗa, abin da ko a mafarki yake tsinka min yawu. Babu.

Na koma na ɗebo moɗa guda na zuba a gindin lallen. Ruwan ya kwanta a sama ya ƙi shiga, ya gangara gefen katanga.

Ya Gumsu tana tsaye a bayana ta ce, "Ruwa kowa ma yana da shi."

Ni da na cika gwangwani wata da watanni, na zubar a masai da hannuna.

Alhamis, 2 ga Mayu, da la'asar

Ban je awo ba. Na kwanta ta gefen hagu, hannu a ciki. Da safe randa ta kusa kai ƙasa.

Juma'a, 3 ga Mayu, jajiberi, da hantsi

Unguwa ta cika da kukan raguna da ƙarar wasa wuƙa. Na koma lungun tun da rana ta fito, na ce ba zan tashi ba sai abin da Allah ya yi. Ya Gumsu ta shimfiɗa min buhu ta zauna a bakin lungun, ta ba ni baya.

Da ba ni da abin ba shi sai na yi masa magana. Na ce masa ni ce. Na ce ban san yana nan ba. Na gaya masa sunan da na ajiye masa tun yana ciki, wanda ko ubansa bai sani ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Na ce ya yi haƙuri ya bar min ƙaninsa.

Akwai sauran tsamiya a bakin zanena, na jefa a baki don in samu in ci gaba da maganar. Ban san da ƙwallo a ciki ba. Na ji ƙas, sai wani zafi har cikin kunne, sai ga haƙorin a kan harshena. Jini ya cika min baki, ɗumi, na sunkuya na tofar. A bayan jinin sai ga shi. Daga ƙasan harshe, daga kunci biyu, yana ɓulɓulowa kamar an buɗe rijiya, mai yauƙi, da ɗanɗanon kwabonsa. Ban taɓa jin daɗin abu a bakina kamar wannan ƙarfen ba. Na yi ta tofawa ina kuka, hawayen ma sun dawo.

Ƙasar da ta ƙi ruwa shekaranjiya ba ta bar ko ɗigo a sama ba. Ina tofawa tana ɗaukewa.

Na tona da yatsa na sa haƙorin na rufe. Ya Gumsu ta ce, ba ta juyo ba, "Nasa ne. Tun wancan karon bai karɓa ba."

Juma'a, bayan la'asar

An ce motar Baga ta iso tasha, Malam yana can ana sauke kaya. Zai zo ya tarar da matarsa da giɓi, ba ta iya yi masa sannu da zuwa sai da gwangwani. Ya sha kallo.

Ina zaune ina kurkure baki da ruwan gishiri kamar yadda Sista ta ce, sai na ji an yi min wani naushi a ƙarƙashin haƙarƙari har kofin ya faɗi. Na ƙwala wa Ya Gumsu kira. Ta zo da sauri ta ɗora hannu, aka sake yi, ta yi dariya, jajayen haƙoranta a waje. Sai kuma aka motsa a can ƙasa ta hagu, a hankali, kamar mai gyara kwanciya. Ta daina dariyar. Ta ɗauke hannunta ta goge a laffaya.

Na ce, "Ya, ƙafa ce ko hannu?"

Ta ce, "Sha ruwa, feronyi."

Bayan Sallah zan koma wurin Sista, ta yi min faɗan rashin zuwa, ta kara ƙahonta. Na taɓa da harshe, haƙorin da ke kusa da giɓin ma ya fara rawa, na bar shi ya yi.

Ya motsa, gwangwani ya cika. Wanne daga cikinsu ya motsa, ban tambayi kowa ba. Gobe da safe ni zan kai da kaina.